Karatun Ilmin Halittu a Jami'a: Darasi Daga Ɗigon Jini Ɗaya

 

A kowace shekara idan jami'o'i suka saki sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan sami gidaje a zongo inda murna take gauraye da jimami. Yaro ya ci jarrabawar WASSCE da kyau, ya nemi likitanci, sai ga shi an ba shi ilmin halittu, wato bayoloji. Mahaifinsa ya dube shi ya ce, "To, in ka gama me za ka zama?" Yaro ya sunkuyar da kai. Da yawa suna shiga ajin da zuciya biyu, suna ganin kamar an ajiye su ne a bakin ƙofar asibiti an hana su shiga. Wanda ya shiga da wannan tunani yakan yi shekara huɗu yana haddar takardu don jarrabawa kawai, ya fito da digiri a hannu amma bai iya komai ba.

Darasinmu na yau zai nuna abin da ake koyo a waɗannan shekaru huɗu. Domin kada maganar ta tsaya a sama, za mu ɗauki cuta guda wadda kusan kowace unguwa ta san ta, wato ciwon sikila ko amosanin jini, mu bi ta daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, mu ga yadda kowane mataki na karatun yake ƙara wa ɗalibi fahimtarta. Jerin kwasa-kwasai ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma hanyar ɗaya ce.

Ƙofar shiga

A nan Ghana ana karanta wannan fanni a Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi, da Jami'ar Cape Coast, da Jami'ar Nazarin Ci-gaba da ke Tamale, da wasunsu. Ana duban darussa shida da ɗalibi ya ci tsakanin A1 da C6, a haɗa makinsu, kuma mafi ƙanƙantar jimla ita ce mafi kyau, ta ƙoli ita ce 6. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuma suna da yawa, shi ya sa ɗalibi mai ƙwazo yakan rasa shi da maki ɗaya ko biyu. Ka karanta takardar sharuɗɗan jami'ar ta shekarar da za ka nema, domin sharuɗɗa sukan sauya.

Karatun shekara huɗu ne, daga mataki na 100 zuwa na 400. A Legon, alal misali, bayan an yi tushe tare, ɗalibai sukan rarrabu zuwa sashen dabbobi, ko na tsirrai da muhalli, ko na sinadaran jikin halittu, ko na teku da kifaye, ko na abinci da gina jiki. Abin da yake ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne yawan kemistiri da fiziks da lissafi a shekarar farko. Wanda ya gudo bayoloji don tsoron lissafi zai tarar lissafin ya riga shi zuwa aji.

Shekarar farko: koyon gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aikin shekarar farko ke nan. Za a sa ka gaban madubin ƙara girma, a koya maka yadda ake shafa ɗigon jini a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a rina shi, a duba. Gilashin ido yana ƙara girma sau 10, na ƙasa sau 40, ka ninka su ka sami sau 400. A nan ne za ka ga jajayen ƙwayoyin jini, kowacce kamar ƙaramin faifai mai loɓawa a tsakiya. Faɗin guda ɗaya wajen maikiromita 7 zuwa 8 ne, wato in ka jera kimanin 130 a layi ɗaya, sannan za su cika milimita guda.

A jinin mai sikila kuwa za ka tarar da wasu ƙwayoyin sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Wani likita a birnin Chicago na Amurka, James Herrick, shi ne ya fara buga bayanin wannan siffa a 1910. Amma mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin ciwon kafin nan. A harshen Twi ana ce masa ahotutuo, Gaawa kuma suna ce masa chwechweechwe. Likitan nan ɗan Ghana, Felix Konotey-Ahulu, wanda ya yi shekaru yana kula da masu sikila a Korle Bu, ya bi diddigin ciwon a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670.

Malami zai ce ka zana abin da ka gani. Nan ɗalibai da yawa suke yin kuskuren farko: sai su buɗe littafi su kwafi zanen da ke ciki. Zanen littafi ya fi kyau, amma ba shi ne a gabanka ba. Idan ka ga ƙwaya biyu masu lanƙwasa a cikin ɗari, biyu za ka rubuta. Wanda ya saba rubuta abin da ake so ya gani a madadin abin da ya gani, ya lalata tushen sana'arsa tun ranar farko.

Shekara ta biyu: lissafin gado

Tambaya ta gaba ita ce, daga ina yaro ya samo wannan jini, alhali uwa da uba lafiyarsu lau? Amsar tana cikin ilmin gadon halitta, wanda tushensa aikin Gregor Mendel ne a kan wani irin wake na ƙasar Turai, aikin da aka buga a 1866. Mutum yana da kuromosom 46, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka kusan kowace ƙwayar gado biyu-biyu take a jikinka. Wadda take tsara wani ɓangare na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, tana kan kuromosom na 11. Nau'in da aka saba da shi ana kiransa A, na sikila kuma S.

Mai AA ya gaji A daga iyaye biyu. Mai AS ya gaji A daga ɗaya, S daga ɗaya, kuma galibi ba ya jin komai a jikinsa. Mai SS shi ne mai ciwon. To, idan mai AS ya auri mai AS, uba zai ba da ko A ko S, uwa ma haka. Hanyoyin haɗuwa huɗu ne: AA, AS, SA, SS. Ke nan a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS, 2 cikin 4 mai AS, 1 cikin 4 mai AA.

A kula da kalmar "kowane ciki". Sau da yawa mukan ji ana cewa, "An riga an haifi mai ciwon, sauran uku za su tsira." Wannan ba daidai ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kamar jefa kwabo sama, na yanzu bai san abin da na ɗazu ya yi ba. Idan ma'auratan suka haifi 'ya'ya huɗu, yiwuwar a ce babu mai SS ko ɗaya ita ce 3 cikin 4 a ninka ta sau huɗu, wato 81 cikin 256, kimanin kashi 32 cikin 100. Sauran kashi 68 kuwa, za a sami aƙalla yaro ɗaya mai ciwon. Ka ga amfanin lissafin da aka tilasta maka a shekarar farko.

Akwai wani nau'i na uku da ya shafe mu ƙwarai, wato C. Ba inda ya fi yawa a duniya kamar arewacin Ghana da ƙasar Burkina Faso, inda iyaye da kakannin mutanen zongo da dama suka fito. Idan mai AS ya auri mai AC, akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SC, kuma SC ma ciwon sikila ne, ko da yake yakan fi SS sauƙi. Gwajin jarirai da aka fara a Kumasi a 1995, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, ya nuna cewa kimanin jariri 2 cikin kowane 100 ana haifarsu da ciwon, a haɗe da SS da SC da sauran nau'o'i.

Shekara ta uku: harafi ɗaya

Yanzu ka san yadda ake gadonsa, amma ba ka san abin da ya lanƙwasa ƙwayar ba. Wannan aikin kwas ɗin sinadaran jikin halittu ne. Himogulobin furotin ne mai sarƙa huɗu, biyu ana kiransu alfa, biyu beta. Sarƙar beta tana da amino asid 146 a jere kamar duwatsun carbi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Cambridge ta Ingila ya gano inda bambancin yake: dutse na shida ne kaɗai. Inda ya kamata a sami gulutamik asid, sai aka sami balin. A cikin DNA kuwa harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG.

Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi. Idan himogulobin S ya sauke iskar da ya ɗauko, wurin nan mai gudun ruwa sai ya manne wa maƙwabcinsa, shi ma ya manne wa na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar. Su ne suke miƙar da ita ta zama lauje. Ƙwaya mai tauri ba ta iya ratsa ƙananan hanyoyin jini, sai ta toshe su, abin da ke bayan toshewar ya rasa iska, ciwon ƙashi da gaɓoɓi ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya sa ake ganin ƙarancin jini da ido rawaya. Daga nan za ka gane da kanka dalilin da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓi suke tayar da ciwon, ba sai ka haddace jerinsu ba.

A wannan shekara ne kuma za ka koyi bambancin gwaji biyu, kuma wannan magana ce da ya kamata kowane mai shirin aure ya ji. Gwajin farko shi ne wanda ake zuba wa jini wani sinadari mai cire iska, a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Wannan S kaɗai yake ganowa. Ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C ko kaɗan. Mai AC zai karɓi takarda an rubuta masa babu sikila, ya tafi yana murna. Gwaji na biyu shi ne wanda ake ɗora jinin a kan takarda ta musamman a sa masa lantarki. Gulutamik asid yana ɗauke da caji, balin ba shi da shi, laisin ɗin da ke wuri na shida a nau'in C kuwa cajinsa kishiyar na gulutamik ne. Saboda haka A ya fi gudu, S yana biye, C yana can baya, kowanne ya tsaya a layinsa a gan shi. Wannan gwaji, mai suna elektirofuresis, shi ne yake faɗa wa mutum rukuninsa.

Wannan ilmi na harafi ɗaya shi ya kai ga magani. Maganin hydroxyurea yana sa jiki ya ƙara yin irin himogulobin na ɗan tayi, wanda yake hana sandunan haɗuwa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ya yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR. Farashinsa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Wannan kuɗi ya isa ya nuna maka cewa rigakafi ya fi magani.

Ina ruwan sauro?

Ɗalibi mai tunani zai yi tambaya: in dai S yana da illa haka, me ya sa ya yawaita a Afirka ta Yamma bai ɓace ba? Amsar tana wajen kwasa-kwasan muhalli da sauyin halittu. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa yara masu AS sun fi masu AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2001 wani bincike a Burkina Faso ya nuna cewa C ma yana ba da irin wannan kariya. To, a ƙasar da maleriya take kashe yara, masu AS sun fi kai wa ga girma su haihu, S ɗin da ke jikinsu ya wuce ga 'ya'yansu. Taswirar sikila da taswirar maleriya kusan a kan juna suke. Kariyar ba cikakkiya ba ce, mai AS ma yana kamuwa, kuma gidan sauro ya wajaba a kansa.

Wannan shi ake kira zaɓin yanayi, kuma yana cikin babin da yakan tayar wa ɗalibai da yawa hankali saboda abin da suka ji a gida da makaranta. Shawararmu ita ce ka zauna ka koye shi sosai, ka san hujjojin da aka kawo da yadda aka auna su, domin bayoloji duka a kansa aka jera shi, daga yadda sauro yake daina jin maganin feshi zuwa yadda ƙwayar cuta take bijire wa magani. Tambayar da ta dame ka kuma ka kai ta ga malami mai zurfin ilmi da natsuwa. Gudun aji ba ya warware wa kowa shakka.

Shekarar ƙarshe: bincikenka na kanka

A mataki na 400 za a ba ka malami mai duba aiki, ka zaɓi tambaya ɗaya ka bi ta wata da watanni. Ba sai ka je nesa ba. Ɗauki ludayi da kwalabe ka zaga unguwa bayan ruwan sama, ka ɗebo tsutsar sauro daga kwata, da tsohuwar taya, da kududdufin bayan gida. Tsutsar Anofilis, mai yaɗa maleriya, kwanciya take yi a miƙe daidai da fuskar ruwa. Ta Kuleks kuwa rataye take yi kanta ƙasa. Ka ƙirga, ka rubuta rana da wuri da irin ruwan, ka maimaita mako bayan mako, sannan ka sa lissafi ya faɗa maka ko bambancin da ka gani na gaske ne ko dace ne kawai. Idan bincikenka ya shafi jinin mutane ko bayanan lafiyarsu, sai ka sami izinin kwamitin ɗa'a na jami'a da yardar kowane mutum, kuma sirrinsa amana ne a wuyanka.

Wani lokaci sakamako yakan fito saɓanin abin da ka yi zato. Ka rubuta shi yadda ya fito. Ɗalibin da ya ƙirƙiri lambobi don aikinsa ya yi kyau, gobe shi ne zai sa hannu a kan gwajin ruwan da jama'a za su sha.

Bayan digiri

Mu koma ga tambayar uba. Bayan shekara ɗaya ta bautar ƙasa, hanyoyi suna nan. Akwai cibiyoyin bincike, irin su Cibiyar Noguchi da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979, da cibiyar KCCR ta Kumasi, waɗanda suka ɗauki nauyin yawancin gwajin cutar korona a farkon annobar a 2020. Akwai Cibiyar Binciken Koko da ke Tafo, da ta binciken noma da ke Nyankpala, da ta binciken lafiya da ke Navrongo. Akwai hukumomin kula da ingancin abinci da magunguna da muhalli, da masana'antun abinci, da koyarwa a sakandare, inda ake matuƙar bukatar malaman kimiyya.

Amma gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta. Gurabe ba su kai yawan masu digiri ba, kuma aikin bincike yawanci yana bukatar digiri na biyu ko na uku. Digirin bayoloji shi kaɗai ba ya ba mutum lasisin aikin ɗakin gwaji na asibiti, wannan kwas ne daban mai hukumarsa. Wanda har yanzu zuciyarsa tana kan likitanci, akwai shirin da ake ɗaukar masu digiri na farko a Legon da Cape Coast, sai dai yana da tsada kuma gasar tana da zafi, sakamako mai kyau ne kaɗai yake buɗe ƙofarsa.

Saboda haka ka fara shiri tun daga shekara ta biyu. A dogon hutu ka nemi ɗakin gwaji ka yi aikin sa-kai, ko da wanke kwalabe ne, domin hannun da ya saba da aiki shi malami yake tunawa ranar rubuta takardar shaida. Ka riƙe lissafin ƙididdiga da aikin kwamfuta da kyau. Ka gyara rubutun Turancinka, tunda rahoto za ka yi ta rubutawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu kuna bita, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga kuma awo mai sauƙi: duk abin da ka koya, ka gwada bayyana wa kakarka shi da Hausa. In ta gane, ka iya. In ka kasa faɗarsa ba tare da kalmomin littafi ba, hadda ka yi, sai ka koma.

'Yar'uwa mai karatu, wannan magana har da ke. A wajen zancen aure da haihuwa, mata sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace, kuma mai ilmin da za ta zauna da uwar da ta rasa 'ya'ya biyu ta bayyana mata cewa ba maita ba ce, ba kuma laifinta ba ne ita kaɗai ko na mijinta, ta yi aikin da ba kowa zai iya ba.

Aikin gida

Na ɗaya: mai AC ya auri mai AS. Rubuta hanyoyin haɗuwa huɗu, ka faɗi wanne ne mai ciwon.

Na biyu: mai AA ya auri mai SS. Shin za su iya haifar mai SS? Mene ne rukunin 'ya'yansu?

Na uku: ma'aurata AS da AS sun haifi 'ya'ya uku. Lissafa yiwuwar a ce babu mai SS a cikinsu.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci: shin ka san rukuninka? In ba ka sani ba, ka je asibiti ka nemi gwajin elektirofuresis, ka adana takardar, tun kafin a kai goro gidan kowa.

Za mu kawo amsoshi a fitowa ta gaba. Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.